Famfon Iska Don Tayar Motar Gida: Abin Da Za Ka Yi Da Wanda Ba Za Ka Yi Ba

Motar gida, irin wadda ake ƙera wa gado da kicin da banɗaki a ciki, wadda iyalai a Turai da Amurka ke shiga su tafi hutu, ba ta taɓa sauke kaya. Motar lodi takan tafi da kaya ta dawo wayam, tayoyinta su sarara. Ita kuwa wannan, ga tankin ruwa, ga tukunyar gas, ga firiji, ga katakon ɗakuna, kullum a ɗauke take, ko tana bisa hanya ko tana ajiye a ƙofar gida tsawon lokacin sanyi. Shi ya sa tayarta ke shan iskar da ta ninka ta ƙaramar mota. Ƙaramar mota takan sha psi 30 zuwa 35. Motar gidan da aka ɗora bisa gangar Fiat Ducato, wadda ita ce ta fi yawa a Turai, tayoyinta na baya masu alamar CP sukan kai psi 80, wato bar 5.5 a ma'aunin Turawan Turai. Manyan na Amurka, masu girman bas ɗin safa da wili mai inci 22.5, sukan haura psi 100.

Ɗan famfon nan da ake jonawa a soket ɗin kunna sigari ba don wannan aiki aka yi shi ba, ko me aka rubuta a kwalinsa. Ina magana ne da ɗan'uwan da ke zaune a Ingila ko Jamus ko Amurka, ya sayi irin wannan mota ko ya yi hayarta zai ɗauki iyalinsa. Mai babbar bas ko motar ɗaukar kaya a nan gida shi ma ya kasa kunne, don tayarsa da wannan uwa ɗaya uba ɗaya suke. Ba zan sassauta murya ba, saboda in tayar mota mai nauyin tan uku da rabi da tsayin kusan mita uku ta fashe a guje, ga yara a baya, direba ba ya samun lokacin gyara komai.

Kafin ka taka kanti

Kada ka sayi famfo alhali ba ka san iskar da tayarka ke buƙata ba. Wannan shi ne farko, kuma shi mutane suka fi tsallakewa. Ka loda motar yadda za ka yi tafiya da ita: ruwa cike, gas cike, kekuna a baya, mutane a kujerunsu. Ka kai ta sikelin auna manyan motoci, a auna ƙafafun gaba daban, na baya daban. Da waɗannan lambobi biyu za ka duba jadawalin kamfanin da ya yi tayar. Michelin da Continental da takwarorinsu suna da jadawalin da ke nuna iska nawa ta dace da nauyi kaza, kuma suna amsawa in ka aika musu da girman tayarka da abin da sikeli ya nuna. Ga tayar CP da ke baya, ɗaya a kowane gefe, ƙungiyar ETRTO mai tsara ƙa'idojin taya da wili a Turai ta ba da shawarar bar 5.5.

Dalilin dagewa a kan sikeli shi ne, lasisin ƙaramar mota a Turai ya tsaya a kilo 3,500, don haka masu ƙera motocin suke cusa komai su tsaya daf da wannan iyaka. Abin da ya rage wa mai mota na kayansa kaɗan ne, kuma da yawa suna cike shi ba su sani ba. Dubi gefen tayarka. In ka ga 225/75 R16 CP 116, lambar 116 ɗin na nufin kilo 1,250 kowace taya, tayoyin baya biyu kilo 2,500 ke nan. Amma wannan alkawari ne mai sharaɗi: sai in iska ta cika. Roba da waya riƙe iska kawai suke yi, iskar ce ke ɗaukar motar. Duk psi ɗin da ya ragu, nauyin da tayar za ta iya ɗauka ya ragu tare da shi.

Kada ka ɗauki lambar da aka buga a gefen taya a matsayin umarni. Iyaka ce, ba ita ce lallai iskar motarka ba. Kuma in ka ga lambobi iri biyu a jikin motar, na kamfanin da ya ƙera gangar da na kamfanin da ya ɗora ɗakin, ka bi na biyun, don shi ya san nauyin ƙarshe.

A cikin kanti

Kada babbar lambar kwali ta ruɗe ka. Za ka ga famfon da bai fi tafin hannu ba an rubuta masa 250 PSI ko 300 PSI da manyan haruffa. Abin da lambar ke nufi, in ma gaskiya ce, shi ne matsin da allurar za ta kai in aka toshe bakin tiyo babu inda iskar za ta je. Taya kuwa ba toshe take ba, ciki ne da ita, kuma cikin babba ne. Yi lissafin da kanka. Cikin tayar 225/75 R16 ya kai wajen lita 45. Don ka ƙara mata bar ɗaya, sai ka tura mata wajen lita 45 na iskar waje. Don ka cika ta daga babu zuwa bar 5.5, wajen lita 250. Famfon da ke tura lita 30 a minti zai gama cikin minti takwas zuwa tara. Wanda ke tura lita 8 zai haura rabin awa, in bai ƙone ba kafin nan, kuma taya ɗaya ke nan cikin huɗu ko shida. Cika randa ne da cokali.

Ka tambayi yawan iskar da yake turawa a matsin da kake buƙata, ba a sifili ba. Nan ne ake yaudarar mutane ba tare da an yi musu ƙarya ba. Kwali zai ce lita 35 a minti, amma an auna ne tiyo na buɗe yana hura sarari. Da zarar matsi ya hau cikin taya, fistan ya fara kokawa da iskar da ke turo shi baya, abin da ke shiga sai ya yi ta raguwa. Psi goma na ƙarshe, daga 70 zuwa 80, su ne masu wuya, kuma su ne kake sayen famfon dominsu. Kamfanin da ya yarda da kayansa yana buga jadawali: a psi 0 lita kaza, a 40 kaza, a 80 kaza. A Amurka da CFM suke rubutawa, CFM ɗaya kuwa lita 28 ne da ɗoriya a minti. In mai kaya ba shi da wannan jadawali, ka ajiye masa kayansa ka fita.

Ka duba tsawon lokacin da zai yi aiki kafin ya buƙaci hutu. Matse iska zafi yake haifarwa, zafin nan ne ke cinye robar fistan ya ƙona ɗan injin. Masu ƙera famfo na gaskiya suna rubuta wannan da kashi cikin ɗari. Misali, kamfanin Viair na Amurka yana da 400P-RV mai kashi 33 a psi 100, wato kaso ɗaya aiki, kaso biyu hutu, yana kuma da 450P-RV mai kashi 100 a psi 100, wanda ba ya buƙatar tsayawa, ko da yake ya ɗan fi wancan jinkiri. Dukansu iyakarsu psi 150. Ban ambace su don in tallata maka ba. Na ambace su ne don ka ga yadda bayanin famfon kirki yake, ka nemi irinsa a duk wanda za ka saya. Wanda aikinsa ƙara psi uku ko biyar ne kafin tafiya, kashi 33 ya ishe shi. Mai tayoyi shida manya, ko wanda ke rage iska don ratsa yashi sannan ya mayar da ita gaba ɗaya in ya hau kwalta, ya nemi mai kashi 100.

Kuma ka sani ana auna wannan juriya ne a yanayi mai sauƙi, wajen digiri 22. A kudancin Sifen cikin watan Agusta, ko a Arizona, ko a Sakkwato da Agadas cikin Afrilu, famfon zai gaji tun kafin lokacin da takarda ta ce. Ka zaɓi wanda ke kashe kansa in ya yi zafi. In ya kashe kansa, ka ƙyale shi ya huce. Kada ka zuba masa ruwa.

Kada ka sayi wanda iyakarsa ta yi daidai da buƙatarka. In psi 80 kake so, famfo mai iyakar 80 ko 90 zai kai bakin gaɓa yana nishi ya tsaya. Nemi mai 120 zuwa 150.

Ka ɗaga shi ka ji nauyinsa. Kan silinda ya zama ƙarfe ne mai haƙarƙarin fitar da zafi, ba roba ba. Ya kasance yana da matatar iska da za a iya cirewa a wanke ko a sake, don ƙura in ta shiga tana goge cikin silinda, wanda ya san ƙurar hunturu kuwa ba sai an yi masa dogon bayani ba. Araha ba ta ado, a nan kam har rai takan ci.

Maganar wuta

Kada ka dogara da soket ɗin kunna sigari. Fiyus ɗinsa yawanci amfiya 10 ne zuwa 15, wato wat 120 zuwa 180 a wutar bolt 12. Famfon da zai kai taya psi 80 cikin lokaci mai ma'ana yakan ja amfiya 20 zuwa 30. Lissafin ba ya haɗuwa. Duk famfon da ya zo da kan soket ɗin sigari kaɗai ya riga ya gaya maka iyakar ƙarfinsa. Nemi mai maƙalai biyu, ja da baƙi, da ake damƙa wa batir kai tsaye, da fiyus nasa a jikin wayar.

Kada ka kuskura ka cire fiyus ɗin soket ka sa wanda ya fi shi girma don famfo ya daina kashe shi. Fiyus wayar da ke bayan dashbod yake karewa. In ka ƙara masa girma, wayar ce za ta yi zafi a inda idonka ba ya gani, cikin motar da ke ɗauke da katako da katifa da tukunyar gas. Wannan ba dabara ba ce, kiran gobara ne.

Ka san inda batirinka yake tun kana gida. A Ducato daga ƙirar 2006 zuwa yau, batirin tayar da inji ba ya ƙarƙashin bonet, yana ƙarƙashin daɓen gaba ne inda ake ajiye ƙafa, amma an tanadi wurin jona waya a ƙarƙashin bonet. Ka duba littafin motar ka gane wurin da rana, kada ka bari sai dare ya same ka a gefen babbar hanya kana lalube da fitilar waya. Ka fara maƙala ja, sannan baƙi. Ka bar inji na aiki yayin da kake hurawa, don famfon ya sami cikakkiyar wuta kuma batir bai mutu ba. A sarari za ka yi haka. Inji mai aiki cikin rufaffen gareji hayaƙinsa kisa yake yi, gubar da ke cikinsa ba ta wari balle ka farga.

In motarka bisa gangar babbar mota take mai wutar bolt 24, kada ka jona mata famfon bolt 12. Nan take zai ƙone.

Kada ka ƙara wa wayar tsawo da siririyar waya. A bolt 12, doguwar waya siririya tana shanye wuta a hanya, ita ta yi zafi, famfon ya yi rauni. In ba ka kai tayar baya ba, tiyo za ka ƙara, ba waya ba.

Masu batirin caji, irin waɗanda kamfanonin kayan aiki kamar Makita da Milwaukee ke yi, akwai masu kai psi 120 zuwa 150 a cikinsu, kuma suna da daɗin sha'ani wajen ƙara 'yar iska. In ka zaɓe su, ka riƙe batir na biyu da caji, ka karanta lokacin hutunsu don gajere ne, kuma kada ka ajiye batirin a inda rana ke gasa shi. Mai tanki da ake jonawa a wutar gida yana da nasa tarko: injinsa ba ya sake tashi sai matsin tankin ya faɗo zuwa wani mataki. In tayarka na son psi 110, injin kuma sai tanki ya sauko 95 yake tashi, za ka tsaya riƙe da tiyo babu abin da ke shiga, wani lokacin ma tayar ce za ta riƙa mayar wa tanki da iska. Ka tambayi matsin da yake tashi, ba wanda yake tsayawa kaɗai ba.

Tiyo, baki, bawul da geji

Ka auna motarka da tef kafin ka saya. Na Turai sukan kai mita 6 zuwa 8, manyan Amurka har mita 13 da ɗoriya. Daga batir zuwa tayar baya ta ɗaya gefen, zagaye da motar, shi ne tsawon da waya da tiyo za su haɗu su ba ka, da rara.

Ka nemi bakin da ke kama bawul ya riƙe kansa, na ƙarfe, ba wanda sai ka danne shi da hannu ba. Dalilin ya wuce gajiyar yatsa. A bar 5.5, kowane fili na cikin taya mai santimita 10 faɗi da 10 tsawo iska na tura shi da ƙarfin da ya haura kilo 550. In taya za ta fashe lokacin hurawa, ta gefe take fashewa, wajen da mai durƙuso ya sa fuskarsa da ƙirjinsa. Ka maƙala bakin, ka ja da baya tsawon tiyo, ka tsaya ta gaban tayar ko ta bayanta, ba ta gefenta ba. Ka kori yara daga wurin. Wannan doka ba ta da ranar hutu.

In tayoyin bayanka tagwaye ne, biyu a kowane gefe, ka tabbata famfon ya zo da dogon baki mai kai biyu wanda ke isa bawul ɗin ta ciki. Tayar ciki ita ce ake mantawa da ita. Tana iya sacewa gaba ɗaya ba a gani ba, ta waje ta ɗauki nauyin biyu ita kaɗai har zafi ya kashe ta.

Kada ka tura psi 80 ta bawul ɗin ƙaramar mota. Bawul ɗin roba na yau da kullum, irin TR413, iyakarsa psi 65 ne, wato bar 4.5. Abin da ya wuce haka yana buƙatar bawul na ƙarfe mai noti, ko wanda aka ƙera musamman don babban matsi. Yakan faru a sake taya a shagon da ya saba da ƙananan motoci, a sa sabuwar taya mai kyau da bawul ɗin da bai dace ba, mai mota bai lura ba. Ka durƙusa ka duba naka yau. Bawul in ya fita a guje, iskar gaba ɗaya take tafiya.

Kada ka yarda da gejin da ke jikin famfo shi kaɗai. Yayin da famfon ke aiki allurar na nuna fiye da abin da ke cikin taya, don matsin tiyo take karantawa. Ka kashe, ka bar allura ta natsu, sannan ka karanta. Ka kuma sayi geji daban mai kyau wanda ya kai psi 120 ko 160, don geji mai allura ya fi faɗin gaskiya a tsakiyar zangonsa, ba a ƙarshensa ba. Na ƙaramar mota da ya tsaya a 50 ko 60 ba shi da amfani a nan. Lokaci lokaci ka gwada naka da na wani shagon taya da ka amince da shi. In famfonka irin mai tsayawa da kansa ne in ya kai lambar da ka sa masa, madalla, amma ka bi bayansa da geji.

An ce ido ba mudu ba, ya san ƙima. A kan tayar nan bai sani ba. Gefenta mai kauri ne, tana iya rasa psi 15 ta tsaya kamar lafiyarta ƙalau. Dukanta da ƙarfe ko da ƙafa kamar yadda wasu masu faci ke yi zai nuna maka wadda ta sace sarai, ba zai nuna maka wadda ta ragu ba.

Ranar aiki

Ka auna taya tana sanyi, da safe kafin rana ta taɓa ta, ko bayan motar ta tsaya awa uku. Duk lambobin jadawali na taya mai sanyi ne. A matsin psi 80, duk canjin digiri 10 na yanayi yana ɗaga allura ko ya sauke ta da wajen psi 3. Wanda ya cika tayarsa a zafin Sifen ya farka a sanyin tsaunukan Alfs zai tarar ta ragu ba tare da ƙusa ta taɓa ta ba. Ban da haka, taya lafiyayya ma tana rasa psi ɗaya ko biyu a wata. Don haka ka auna kafin kowace doguwar tafiya, ka auna duk wata ko motar na ajiye.

Kada ka rage iska daga taya mai zafi. Ka tsaya bayan tafiyar awa biyu ka ga ta hau 88 ko 90, daidai ne, an ƙera ta da sanin haka. In ka rage ta koma 80, da ta huce za ta faɗi ƙasa da abin da take buƙata. Taya mai ƙarancin iska gefenta na lanƙwasa fiye da kima a kowane juyi, lanƙwasar na haifar da zafi, zafin na raba roba da waya. Akwai direbobin da ke rage iska da gangan lokacin bazara wai don kada taya ta fashe. Hanyar fashewar suke share mata.

Wanda yake ganin psi huɗu ba komai ba ne ya tuna abin da ya faru a Amurka. A watan Agustan 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5, bayan da bayan tayoyin ya riƙa ɓarewa a guje, galibi a motocin Ford Explorer, motoci suka kife, mutane da yawa suka rasu. Abin ya fi tsanani a jihohi masu zafi, kuma tun 1999 Ford ya fara sauya irin tayoyin a Saudiyya. Cikin abubuwan da kamfanonin biyu suka yi jayayya a kai har da iska: Ford ya ba da psi 26, Firestone ya ce 30 ya kamata. A watan Nuwamba na shekarar aka sa hannu kan dokar TREAD, wadda daga ita ne aka wajabta na'urar gargaɗin iska a sababbin motocin da ba su wuce kilo 4,536 ba, gaba ɗaya daga Satumban 2007.

Amma kada ka jira fitilar wannan na'ura ta ba ka umarni. A ƙa'idar Amurka, dole ne ta kunna in iska ta ragu da kashi 25 cikin ɗari. Kashi 25 na 80 shi ne 20. Ma'ana tayarka na iya saukowa kusa da psi 60, ɗauke da cikakken lodi, fitila ba ta ce uffan ba. Manyan motocin gida da masu tagwayen taya ma dokar ba ta shafe su ba.

Kada ka hura tayar da aka yi tafiya a kanta tana sace. Ƙa'idar masu aikin tayar manyan motoci ita ce, duk wadda ta yi tafiya da kashi 80 cikin ɗari na iskarta ko ƙasa da haka, a cire ta a duba cikinta kafin a sake hura ta. Wayoyin gefenta sun riga sun gaji, suna iya tsinkewa a jere lokacin da matsi ke hawa. In kana hurawa ka ji ƙas ƙas, ko ka ga gefen ya kumbura, ka kashe famfo daga inda kake tsaye, kada ka matsa kusa don ka gani.

Ka karanta shekarun tayar. A gefenta, a ƙarshen jerin da ke bin haruffan DOT, akwai lambobi huɗu: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar motar gida ba ta cika sudewa ba, tsufa take yi a tsaye, rana na busar da ita, ga zanenta raɗau amma gefe ya tsattsage. Michelin ya ce bayan shekara 5 a riƙa kai ta ga masani duk shekara, a shekara 10 kuma a cire ta ko yaya take. A Birtaniya tun 1 ga Fabrairun 2021 doka ta hana tayar da ta haura shekara 10 a ƙafafun gaba na manyan motoci da bas. Sabon famfo mai ƙarfi a kan tsohuwar taya mai tsaga haɗari ne.

Kada ka manta da safaya. In kuma motarka ba ta zo da ita ba, sai gwangwanin ruwan liƙi da ɗan famfo kamar yadda ake sayar da da yawa yanzu, ka sani ruwan ƙaramar huda ta tsakiya kawai yake toshewa, ba ya ɗinke gefe, kuma yana da ranar lalacewa a jikinsa.

Kada ka ce ai akwai gidan mai. Injin iskar gidajen mai da yawa don ƙananan motoci aka saita shi, ba ya kai 80, ga shi kafin ka isa can tayar ta riga ta ɗumama.

Kada ka kama kan famfo ko gindin tiyo da hannu bayan ya yi aiki, yana ƙuna. Ka ajiye shi a ƙasa mai tauri, ba cikin yashi ko ciyawa ba. In ka gama ka mayar da murfin bawul, ka bar famfon ya huce kafin ka sa shi a jaka.

Kada ka jefa sabon famfo cikin akwatin mota yana cikin ledarsa. Ranar da ka saya, ko washegari da safe, ka fito da shi. Ka jona shi a batir yadda za ka yi a hanya, ka ja tiyo zuwa tayar da ta fi nisa ka ga ko ya kai. Ka rage mata psi 10 da gangan, ka duba agogo, ka mayar da ita inda take, ka tabbatar da gejinka na daban. Ka zagaya sauran tayoyin haka ɗaya bayan ɗaya ba tare da dogon hutu ba, har da na ciki in tagwaye ne. In ya kashe kansa a taya ta biyu, ko allura ta tsaya a 70 ta ƙi gaba, ko ka ji ƙaurin roba, ka mayar da shi kanti tun rasit na hannunka.